Ɗalibar Farfesa ta Ƙarshe

Alhamis, da hantsi

Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya fito kamar tonon kaza. Hannun damana yana naɗe cikin bandeji, na ɗora shi a kan filo. Likita ya ce ɗan yatsan tsakiya zai haɗe, karaya ce kawai. Manuniyar kuwa, gaɓarta ta sama ta tafi ke nan. Da yake faɗa, maigidana, Abban 'yan biyu, yake kallo, ba ni ba, sai ka ce yatsan nasa ne.

Tun da aka sallamo ni daga asibiti gidan bai rabu da masu dubiya ba, kuma kowa sai ya tambayi yadda aka yi. Amsa ɗaya nake bayarwa: ina canza fankar cikin famfo a ɗakin gwaji, na yi ganganci, injin ya tashi da hannuna a ciki. Na faɗa har bakina ya saba, yanzu ko sarƙewa ba na yi.

Gwaggo ta ce dama ita tun farko ba ta ga abin da ya kai mace harkar ƙarafa ba. Na ce, Gwaggo, ai wuƙar kicin ma tana yanka. Ta ce amma ita ba a jona ta da lantarki.

Saura 'yan makonni in tsaya gaban malamai in kare kundina na digiri na biyu. Shekara uku ke nan ina fama da famfon nan, ina sauya lanƙwasar fukafukan fankarsa don ya ja ruwa da yawa ba tare da ya sha wuta ba. Babi huɗu sun kammalu. Na biyar yana jiran gwaji biyu, ni kuma ko murfin kwalba ba na iya buɗewa.

Juma'a, bayan la'asar

Farfesa ta zo, mai duba aikina. Ta shigo da ledar lemo a hannu ɗaya, babi na uku a ɗayan, jan biro a maƙale a wuyan riga kamar kullum. 'Yan biyu suka ruga suka ƙanƙame ta, Kaka suke ce mata. Ta zauna a bakin gado, ta ɗaga hannuna tana juya shi a hankali, yadda take juya ƙarfe idan tana neman inda ya tsage.

"Injiniya," ta ce, "sau nawa na gaya miki? Ba a sa hannu a inji sai da mutum a tsaye a jikin makunni. Ni na koya miki garaje?"

Na ce, "A'a, Mama."

"To daga ina kika samo shi?"

Na ce kuskure ne. Ta ce kar in sake kiran sakaci da kuskure a gabanta. Ta yi faɗa sosai, irin na da, har idona ya ciko. Ta ɗauka faɗan ne ya sa ni kuka, sai ta sassauta, ta ɓare min lemo tana ba ni a baki.

Matar nan ce ta sa na zama abin da na zama. A shekarata ta farko mu uku ne mata a aji, maza kuwa har kan taga. Na kwaso takarduna zan koma wani sashe, muka yi kiciɓis a matakala. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta yi min wa'azi ba. Ta kai ni gaban wani tsohon inji da aka watsar a bayan ɗakin gwaji, ta miƙo min sufana, ta ce in buɗe shi, in na gano abin da ya kashe shi in zo in gaya mata, sannan ta sa min hannu in tafi. Sai da na yi kwanaki ina kai, baƙin mai har gira. Da na gano, na manta da zancen tafiya. Tun daga ranar take ce min Injiniya, a lokacin da ni ko sunayen noti ban gama sani ba.

Bayan ta tafi na buɗe babi na ukun. Tsohon bugu ne, wanda ta riga ta gyara min tun watan jiya, na gyara na mayar, ta ce ya yi. Ta sake bin sa daga farko, kusan kalma da kalma.

Asabar, da safe

Hannun yana zugi. Na sha magani. Ba shi ya fi damuna ba.

Lahadi, da yamma

Abban 'yan biyu ne ya taje wa yara kai ya kama musu da ribom. Babbar ta fito kamar eriyar rediyo, ƙaramar ta kalli madubi ta ce ita gobe ba za ta makaranta ba. Ya ce shi malamin lissafi ne, ya raba gashin daidai wa daida, abin da ya biyo baya ba fanninsa ba ne. Na yi dariya, ta farko tun ranar Litinin.

Da suka fita wasa ya jawo kujera ya zauna a gabana.

"Tun da muka yi aure," ya ce, "ko fankar ɗaki ba kya gogewa sai kin zare filogi, kin kuma sa ni na tsaya a kai kamar ɗan sanda. Ki gaya wa Gwaggo ganganci, ta yarda. Ni kar ki gaya min."

Na kau da kai. Ya zauna yana jira, har na gaji na faɗa masa.

Ga yadda aka yi, sau ɗaya zan rubuta. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Farfesa. Malam Dogo mai kula da injuna ya shiga sito ɗauko giris. Na kashe wuta daga babban makunnin bango, Farfesa ta tsaya a jikinsa kamar yadda dokarta ta ce. Na ce, "Mama, zan buɗe." Ta ce, "Buɗe, ina nan." Na kwance murfin famfon na zura hannu. Ina jin ta a bayana tana magana ita kaɗai, wai me ya sa allurar ma'auni ta kwanta a kan sifili. Sai na ji ƙas, ƙarar makunni.

Malam Dogo ne ya rugo ya kashe, ya naɗe min hannun da rigar aikinsa. Ita tana tsaye tana kallon jinin da ke ƙasa, tana tambayar wa ya ji ciwo.

Abban 'yan biyu ya daɗe yana salati ƙasa-ƙasa. Can ya ce, "Ta sani?"

Na ce ba ta tuna ba.

"Tun yaushe abin ya fara?"

Na ce ban sani ba. Akwai ranar da muka zaga filin ajiye motoci muna neman motarta, alhali direba ne ya sauke ta da safe. Akwai darasin da ta koyar sau biyu a mako ɗaya, yara na ƙunshe dariya. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. Ban taɓa jera su wuri ɗaya ba sai yau.

Ya ce dole a faɗa. Na ce ba shi ta raina kamar ɗanta ba. Ya ce haka ne, amma shi ne ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata. Tun daga nan ba mu sake magana ba sai ta yara.

Talata, da rana

Na leƙa makaranta. An wanke daɓen ɗakin gwaji tas, har ya fi sauran wurin haske, idona ya ƙi barin wajen. Famfon yana nan a buɗe yadda na bar shi.

Malam Dogo ya taso da sauri ya ba ni kujerarsa. Gajere ne ƙwarai, ɗalibai ne suka laƙaba masa Dogo tun kafin zuwanmu, har ya bi shi. Yau bai yi min tsiyar da ya saba ba. Ya nuna min makunnin bango da haɓa. Ya sa masa kwaɗo, mukullin na aljihunsa.

"Ƙanwata," ya ce, "ni ban ga komai ba, ina sito. Amma na ga hannun da ke kan makunni lokacin da na shigo."

Na ce masa na gaya wa kowa laifina ne, a bar shi a haka.

"Da na bar shi. Wallahi da na bar shi. Amma Talata mai zuwa 'yan aji biyu za su fara aikin hannu a kan injin sassaƙa ƙarfe, kuma Farfesa ce da su. An so a ba wani, ta ce tun da aka gina ɗakin ita ke yi. Yara ne, ƙanwata, ba su san gabas ba, abin da ta ce shi za su yi. Makunni nawa zan sa wa kwaɗo?"

Na ce to shi ya faɗa mana.

Ya goge hannunsa da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa shi. "In na faɗa, za a ce Dogo ya tsufa, ya fara yi wa manyansa sharri. Ke ce mai hannun."

Laraba, bayan azahar

Na kira ɗan Farfesa a waya, shi kaɗai gare ta, yana aiki a wani gari mai nisa. Yaya nake ce masa, don ya san ni tun ina zuwa gidansu karatu. Na yi ta kewaye-kewaye, na faɗi zancen mota, na faɗi na darasi. Na hannu ya ƙi fitowa.

Ya yi dariya. Ya ce gajiya ce, Mama ba ta hutawa, ko jiya sun yi awa guda a waya tana ba shi labarin abin da ya yi yana ɗan shekara biyar. Ya ce in hutu ya zo zai kai ta a duba ta, in kwantar da hankalina in ji da hannuna.

Na ce to, Yaya. Na gode, Yaya. Na ajiye wayar na ji haushin kaina.

Alhamis, da yamma

Yau mun yi gwaje-gwaje biyun da suka rage. Malam Dogo ne hannuna, ni ina karanta ma'auni, Farfesa tana zaune a kan doguwar kujera. Da ta ga kwaɗon ta ce dabara ce mai kyau, ba ta tambayi dalili ba.

Ban taɓa ganin ta kamar yau ba, ko kuwa na manta ne. Muna tsakiyar gwajin farko ta ɗaga hannu. "Ku saurara. Famfon na taunar tsakuwa." Ni ban ji komai ba sai da na kara kunne. Ta ce kumfa ce ke fashewa a jikin fukafukan, ruwan da ke shigowa ya yi ƙasa. Ta tashi ta ɗauki alli ta cika allo da lissafi, daga sama har ƙasa ba ta goge ko harafi ɗaya ba, ta fito da tsayin da ya kamata tankin ya kai. Muka ɗaga shi. Ƙarar ta ɗauke.

Da muka sa fanka ta huɗu, allurar ta hau inda ba ta taɓa kaiwa ba. Farfesa ta buga cinya. "Ita ce wannan! Injiniya, rubuta shi ba tsoro. Duk wanda ya yi miki gardama ki turo shi wurina."

Na ji daɗi har na ce a raina wataƙila Yaya ne ke da gaskiya. Wataƙila gajiya ce. Wataƙila ranar Litinin ɗin ma ni ce ban ɗaga murya ba.

Muna tattara kaya ta ɗauki jakarta, ta kai ƙofa, ta juyo.

"Af, ina yarinyar nan mai aikin famfo? Kwana biyu ban gan ta ba. Ku ce mata lokaci na tafiya."

Malam Dogo ya sunkuya yana neman sufanar da ke hannunsa.

Juma'a, da hantsi

Na je ƙofar ofishin Shugaban Sashe. Na karanta duk sanarwar da ke manne a bango, har ta bara. Na dawo.

Lahadi, da rana

Ba komai. Na wanke kai da hannu ɗaya. Jibi Talata.

Litinin, bayan azahar

Na shiga.

Shugaban Sashe ya tashi ya rufe ƙofa da kansa. Na faɗa masa kamar yadda na faɗa wa Abban 'yan biyu, ban ƙara ba, ban rage ba. Muryata ba ta yi rawa ba, abin ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni kunya.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce ya daɗe yana roƙon Allah kar wani ya shigo masa da maganar nan, don ya san ranar da aka shigo da ita ba zai iya cewa bai ji ba. Ya ce daga gobe wani malami zai karɓi 'yan aji biyu, sauran kuma sai ya ga manyansa, kuma zan maimaita a gabansu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, za a ce mata ni ce?"

"Za ta tambaya," ya ce. "Kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Ni ma ita ta koyar da ni."

Da na fito 'yan aji biyu suna zaune a kan dakali suna gwada sababbin rigunan aiki, hannun rigar ya yi wa wasu yawa. Na so ganinsu ya sanyaya min rai. Bai sanyaya ba.

Talata, da yamma

An yi aikin hannu, kowa ya koma gida da yatsunsa. Abban 'yan biyu ya ce in riƙe wannan. Ina ƙoƙari.

Laraba, bayan la'asar

Ina ɗakin gwaji ina danna babi na biyar da yatsa ɗaya Farfesa ta shigo. Ta yi shiga mai kyau, ta ranar taro. Idonta tar, babu alamar komai. Da ma a ce yau ɗin irin ranakun mantuwar nan ne.

"Tashi tsaye."

Na tashi.

"An ce kin ce ni na kunna."

"Eh, Mama."

"Kalle ni ki faɗa."

Na kalle ta na faɗa.

"Tun ba a haife ki ba nake shiga ɗakin nan," ta ce. "Ko farcen ɗalibi bai taɓa fita a hannuna ba. Kin yi sakaci, kin ji kunya, kin nemi wanda za ki ɗora wa. Da kin zo kin ce min kina tsoron a hana ki gama aikinki, ai da na tsaya miki. Wa ya taɓa tsaya miki in ba ni ba? Shekara da shekaru akwai masu son su ga na bar kujerar nan, ba su samu hanya ba sai ta kanki."

Me zan ce? A wurinta gaskiya take faɗa.

Ta juya za ta fita sai idonta ya sauka a kan makunnin bango. Ta tsaya.

"Dogo, wa ya sa kwaɗon nan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Yaushe?"

"Washegarin abin."

"Saboda wa?"

Malam Dogo ya kalli ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalli bandejina, ta kalli tafin hannunta na dama. Na ga abin ya zo mata. Ya tsaya a fuskarta na ɗan lokaci, leɓenta ya motsa. Ban san ko ya zauna ba, ban kuma san wanne zan roƙa mata ba, ya zauna ko ya wuce.

Ta gyara mayafinta. Ta kira ni da sunana na gaskiya, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun ina aji ɗaya, ta ce in nemi wani ya sa min hannu a kundi.

Alhamis

Ban fita ba.

Juma'a, da rana

Ban fita ba. Yara sun tambayi yaushe Kaka za ta zo.

Asabar, da yamma

Abban 'yan biyu ya ɗauko kwamfuta ya ajiye a cinyarsa ya ce, "Faɗi, in buga." Na ce ba na so. Ya ce bai tambaye ni ko ina so ba, shi yau sakatare ne, kuma sakatare ba ya tashi sai an ba shi aiki.

Muka yi shafi shida. Ya tsaya yi min gardama a kan wani lissafi, na nuna masa, ya ce to ai ku injiniyoyi kun mayar da lissafi ɗan aikenku. Can yana bugawa, bai ɗago ba, ya ce, "Na san ni na matsa miki. Da za a sake, zan sake matsawa. Amma na san abin da na sa kika rasa."

Na kifa kai a kafaɗarsa. Ya ci gaba da bugawa da hannu ɗaya, muka zama mu biyu masu hannu ɗaiɗai.

Talata, da hantsi

Yaya ya kira. Ya zo tun ranar Asabar, Shugaban Sashe ne ya neme shi. Ya kai Farfesa asibiti, sun yi hotuna, sun yi tambayoyi. Likitoci sun ba abin suna. Ya faɗa min, na ji, ba zan rubuta shi ba.

Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya min zancen hannun ba?" Kafin in amsa ya ce, "A'a, bar shi. Kin gaya min abin da ya isa, ni ne ban so ji ba. Ki yafe min."

Zai tafi da ita gidansa. Na ce zan zo in yi mata sallama. Ya ce in ɗan dakata tukuna, har yanzu in an ambace ni ranta na ɓaci.

Alhamis, bayan azahar

An haɗa ni da wani Dakta, matashi, mai kirki. Ya karanta kundin ya dawo min da shi fes, ya ce bai ga abin gyara ba. Na yi godiya. Na fito ina buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, ko'ina fari, na ji kamar ba wanda ya karanta.

An cire allon sunanta daga ƙofar ofis, saura ramukan ƙusa. A matakala wasu 'yan ajinmu biyu suna magana, da suka gan ni suka yi shiru. Na ji ƙarshenta dai: "bayan duk abin da ta yi mata."

Lahadi, da safe

An kwance bandeji jiya. Ƙaramar ta kalli yatsan ta ce, "Umma, zai sake tsirowa?" Babbar ta ce mata ai ba ƙadangare ba ce.

Laraba, da yamma

Na kare kundin.

Malamai huɗu a gaba, da baƙon da aka gayyato daga wata jami'a, dattijo mai yawan tari. A kujerar mai duba aiki Dakta ne zaune. Na riƙe sandar nuni da hagu. Na yi ta kallon bango don kar in kalli kujerar.

Baƙon ya tambayi yadda aka yi na san tankin ya yi ƙasa tun kafin ma'auni ya nuna. Na ce famfon ne ya fara taunar tsakuwa. Ya yi dariya har tarin ya taso masa, ya ce ya san bakin da wannan maganar ta fito, tare suka yi karatu. Ya ce ina take, ya yi zaton zai same ta a nan. Shugaban Sashe ya ce ba ta jin daɗi.

Sun ce na ci, ba gyara. Malam Dogo yana jira a waje da lemon kwalba, ya buɗe min da haƙori. Abban 'yan biyu ya ɗauki hotuna. Na duba su a mota, a duka ina murmushi.

Asabar, bayan la'asar

Yaya ya ce in zo, muka tafi tun da safe. Tafiya ce mai nisa. A bakin ƙofa ya tare ni ya ce tun da ta bar aiki abin yake sauri, wata rana da dama, wata rana sai haƙuri. Fushin dai ya wuce, ya ce, amma kar in sa rai da yawa. Ban gane abin da yake nufi ba sai da na shiga.

Tana zaune a baranda, an shimfiɗa mata darduma a kan kujera, ta rame kaɗan. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, 'yar nan. Daga ina?"

Na ce daga makaranta. Na ɓoye hannun dama a cikin mayafi, na miƙa mata kundin da hagu, na ce aikina ne na kawo ta sa min albarka.

Ta ɗora shi a cinya ta buɗe daga tsakiya. Na zaci hotuna za ta kalla. Sai na ga ta gyara zama, ta sa yatsa tana bin layi. Ta daɗe a babi na biyar. Yaya ya kawo ruwa ya ajiye, ba wanda ya taɓa.

"Zo nan," ta ce. "A wannan jadawalin kin auna ruwa da lita a minti. A wancan kuma kin koma daƙiƙa, ba ki faɗa ba. Mai karatu zai ruɗe. Gyara."

Na duba. Haka ne. Mutum shida sun karanta ba su gani ba.

"Amma aikin ya yi," ta ce, tana shafa shafin. "Ba a yi ha'inci a ciki ba. Wa ya duba miki?"

Sunanta yana shafin farko, Shugaban Sashe ya hana a cire. Juya takarda kawai zan yi. Yaya ya kalle ni, ni ma na kalle shi.

Na ce, "Wata malama ce, Mama."

"Mace?" Fuskarta ta washe. "Kai, madalla. To ba ta wasa, ko wace ce. Ki riƙe ta da kyau, 'yar nan, kin ji? In kin koma ki ce ina gaishe ta."

Na ce, "Za ta ji, Mama."